Kwana uku a Kumasi da dattijo daga Kano: ina za a kai shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Nima ne a Accra. Kawuna, yayan mahaifiyata, zai zo mana daga Kano, kuma ya ce ba zai koma ba sai ya ga Kumasi, domin kakansu ya yi fataucin goro a can. Ya haura shekara sittin, gwiwa tana ɗan damunsa. Ni kuma biki kawai ya taɓa kai ni Kumasi, daga tasha sai gidan biki. Kwana uku muke da su. Ina da ina ya kamata in kai shi? Sannan wani abokina ya ce wuraren tarihin Asante duk wuraren tsafi ne, bai dace musulmi ya shiga ba. Yaya abin yake?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kawo Alhaji lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Idan na fahimce ka, kana neman tsarin da zai sa dattijo mai ciwon gwiwa ya ga garin da kakansa ya yi kasuwanci ba tare da ya galabaita ba, kuma ba tare da ya taka inda zuciyarsa za ta yi masa nauyi ba. A Aboabo aka haife ni, tarihi na koyar a makarantar sakandare har na ajiye aiki, kuma baƙi daga Najeriya da Nijar idan sun sauka a unguwarmu sau da yawa ni ake haɗa su da shi. Da wannan zan ba ka amsa.

Abin da ya fi damuna da baƙinmu Hausawa shi ne, mutum zai sauka a Zongo, ya ci tuwo, ya yi Juma'a, ya zaga gaishe-gaishe, ya hau mota ya koma yana cewa ya ga Kumasi. Ɗan uwansa kawai ya gani. Fadar Sarkin Asante kuwa tana nan kusa, daga Alabar ko Asawase da ƙafa ma ana zuwa, amma bai leƙa ba, don yana ganin wannan tarihin wasu ne. Alhali labarin kakan Alhaji rabinsa a Zongo yake, ɗaya rabin yana fada da tsohon barikin Turawa da kasuwa.

Wane zamani kakansa ya zo?

Kafin ku taso ka zauna da Alhaji ka tambaye shi abin da ya ji a gida: da jakai kakan ya zo ko ta jirgin ruwa? An ambaci Gwanja ko Salaga? Dalilin tambayar shi ne fataucin goro ya yi zamani biyu. A na farko, ayarin fatake yakan taso daga Kano ƙarƙashin madugu, da jakai ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, a yi watanni a hanya kafin a iso ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi fice a wannan sana'a. Yawancinsu a Salaga suke tsayawa, can arewa da nan, domin sarakunan Asante sun fi son a kai goron can a sayar musu, maimakon baƙi su shigo dajin da ake samunsa. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 ikon Asante kan Salaga ya kwance, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salagar a 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa.

Zamani na biyu ya fara bayan Turawa sun mamaye Kumasi a 1896. Hanya ta buɗe, Zongo ta cika, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903, aka koma kai goro bakin teku a ɗora a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can ya haura arewa. Alhassan Dantata ma ya yi wannan fatauci kafin ya shahara da gyaɗa. Idan Alhaji ya haura sittin kaɗan, a lissafi kakansa ya yi ƙarfinsa ne a wannan zamani na biyu, wato akwai kyakkyawan zaton ya zauna a cikin Kumasi da kansa, a gidan wani maigida a Zongo. Idan Alhaji ya riƙe sunan maigidan ko laƙabin kakan, ka kai shi wurin dattawan 'yan goro. Na sha ganin an ambaci suna ɗaya, tsoho ya yi shiru, sannan ya ce a kira wane, jikan gidan ne.

Ranar farko: fada da safe, Zongo da yamma

Ku taso ranar Alhamis. Daga Accra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, amma cunkoso da aikin hanya kan sa tafiyar ta cinye awa biyar, shida, wani lokaci fiye. Manyan motocin VIP na tashi daga Circle a Accra su sauke a tashar Asafo a Kumasi. Idan aljihu zai ɗauka, saboda gwiwar nan ka sa shi a jirgin sama, bai kai awa ɗaya ba, ko da zuwan ne kawai.

Juma'a da safe ku fara da gidan tarihin Fadar Manhyia, fadar Sarkin Asante, tun ƙarfin jiki yana nan. Ginin bene ne da Turawa suka yi a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi Elmina, suka wuce da shi Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. Bai yarda ya shiga gidan a matsayin kyauta ba sai da aka biya kuɗin ginin. An mayar da shi gidan tarihi a 1995. Ana fara nuna ɗan gajeren fim, sannan jagora ya zaga da ku ɗaki-ɗaki: kujerun zama, teburin aiki, tsohon firji, kayan sarauta, da mutum-mutumin sarakunan da suka gabata zaune kamar masu rai. Ka gaya wa Alhaji da wannan tun a waje, don na ga dattijon da ya yi musu sallama kafin ya gane. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kada ka roƙa.

Akwai dalilin da ya sa nake cewa kada a jinkirta zuwa. A 2024, shekara 150 cif bayan ƙone garin, aka dawo da wasu kayan zinare da azurfa da sojojin Ingila suka kwashe: guda 32 daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan, guda 7 daga wani gidan tarihi na jami'a a Amurka. Na Amurkan an mayar da su dungurungum. Na Landan kuwa aro aka bayar na shekara uku, da damar ƙara uku. Kayan mutum, a ba shi aro! Duk lokacin da na tsaya gaban gilashin nan sai raina ya sosu. Kujerar Zinare, babbar alamar sarautar Asante, ita kanta ba za ku gan ta ba, ba a ajiye ta don kallo, kuma ko sarki ba ya zama a kanta.

Abin da nake so Alhaji ya lura da shi, a hoto ko a cikin gilashi, shi ne rigar yaƙin sarakuna, batakari mai ɗinke da layu tun daga wuya har ƙasa. Layun nan rubutun malaman musulmi ne aka naɗe cikin fata. Turawan da suka zo fadar Sarki Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da musulmi a gari, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a, ana shawara da su. Har yau akwai limamin musulmin Asante da ke da matsayi a fada, kuma sabon sarki yakan sa babbar batakarin nan a bikin hawansa. Alhaji yana iya samun ra'ayinsa kan layu, wannan daban. Abin da rigar ke nunawa shi ne musulmi sun riga Bature shiga fadar nan da daɗewa.

Daga fada ku gangaro Babban Masallacin Kumasi, wanda aka sabunta aka sake buɗewa a 2023. Ku je da wuri don ya samu wurin jingina. Bayan an sauko, a ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, sai la'asar ku shiga wurin 'yan goro. Maigidan da kuka sauka wurinsa zai san rumfar da ta dace. Nan ne zuciyar tafiyar taku, kada ka yi masa gaggawa. Zai ga an zube goro a kan buhu, ana tsince mai tsutsa, ana ware fari da ja, marsa gefe guda, ƙanana gefe guda, ana yayyafa ruwa, ana shimfiɗa ɗanyen ganye a kwando kafin a ɗaure huhu. Wani zai ɓare ɗaya da farce ya miƙa masa ya ce ya ɗanɗana ya faɗi ko daushe ne. Daga nan hira ta ɓarke. Ka ja gefe ka bar su. Hausarmu ta Zongo za ta ba shi dariya, tasa ma za ta ba su, ba komai.

Idan kuna son gaida Sarkin Zongo ko liman, a aika tun ranar Alhamis ta hannun maigidanku, kuma kada ku je hannu rabbana.

Barikin da Hausawa suka tsare

Asabar da safe ku nufi Adum, tsohon barikin Turawa da mutanen gari ke kira Fort, jan gini mai kauri da aka gama a 1897, yanzu gidan tarihin sojojin Ghana ne. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare ya zauna. Wannan magana ita ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. Aka yi wa barikin ƙawanya, yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa, gwamnan ya samu ya sulale a watan Yuni, dakarun ceto suka iso a watan Yuli. Yaa Asantewaa kuma aka kama ta aka kai Seychelles, can ta rasu a 1921.

Ga abin da ba a cika gaya wa baƙinmu ba: sojojin da suka tsare barikin nan don Bature, rundunar da ake kira ta Hausawa ce. Ba dukansu Hausawan asali ba ne, akwai mutanen arewa kabila-kabila da Hausa ta zama harshen bariki a gare su, amma sunanmu ne a kai. Ina faɗa wa baƙi wannan ba ɓoye-ɓoye, domin shi ke bayyana wani ɓangare na yadda zama tsakanin Zongo da Tonawa, wato Asante, ya kasance, zumunci da ciniki da auratayya a gefe guda, ɗan tsohon tabo a ɗaya gefen. A ciki akwai bindigogi da tutoci da hotunan yaƙin Habasha da na Bama, inda sojojin nan ƙasar suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da na Najeriya. Da wuya dattijon Kano ya rasa wani ɗan unguwarsu da aka ce ya je Bama. Akwai kuma ɗakin kurkuku mai duhu da jagora zai nuna muku. Soja ne ke zagayawa da mutane, kuma akwai tsayuwa da yawa, ka roƙa wa Alhaji kujera tun farko.

Kasuwar Kejetia tana kusa. Tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, sabon gininta hawa-hawa ne mai dubban shaguna. Ra'ayina, mutumin da ya san Kurmi da Kwari da Sabon Gari ba sai an wahalar da gwiwarsa a nan ba. Ku shiga ta ƙofa ɗaya, ku ga layin atamfa da na takalman gargajiya, ku fito cikin rabin awa. In ka ji an ce "agoo" a bayanka, ka kauce, mai kaya ce a kai. 'Yan matan nan masu dako, kayayo, yawancinsu daga arewacin Ghana suke. In ɗaya ta ɗaukar muku kaya ka biya ta da kyau, kada ka yi mata ciniki irin na ƙeta. Waya da kuɗi a aljihun gaba.

Asabar ranar makoki ce a Asante. Za ku ga jama'a cikin baƙi da ja, an kafa rumfuna, wani wuri an toshe titi. Ka ƙara lokaci a kan duk lissafinka.

Maganar tsafi

Abokinka ya haɗa abubuwa daban-daban ya ba su suna ɗaya. Gidan tarihin Manhyia da barikin soja da ƙaramin gidan tarihin Prempeh na Biyu da ke Cibiyar Al'adu wajen Bantama, duk wuraren ajiye kaya ne da bayani, ana sayen tikiti a shiga, 'yan makarantun Islamiyya ma ana kai su. Ba a yanka komai, ba a roƙon kowa.

Akwai kuma wuraren da abin ya wuce kallo. A cikin harabar asibitin koyarwa na Komfo Anokye akwai ɗan ɗakin da takobin Okomfo Anokye yake kafe a ƙasa. Shi ne bokan da ya tsaya wa Sarki Osei Tutu na Ɗaya wajen haɗa kan Asante, har suka karya masarautar Denkyira a 1701, kuma Asante sun yi imani ranar da aka zare takobin ƙasarsu za ta wargaje. Za ka ga kwalaben giya a gefensa, domin ana zuba masa. Haka tsohon ɗakin bauta na Besease kusa da Ejisu, ɗaya daga cikin gine-ginen gargajiya na Asante da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980. Ginin ƙasa ne mai zanen ado a bango, magini zai so ya gani, amma ɗakin bauta ne.

Abin da ni nake yi: ina shiga, in duba, in saurari bayani, ba na sa hannu a komai, kuma in aka nemi kuɗin giya sai in ce a yi haƙuri ni musulmi ne. Ban taɓa ganin an ɓata rai ba, sun saba da mu. Wasu abokaina malamai ba sa shiga irin waɗannan biyun sam, kuma ban ga laifinsu ba. Ni malamin tarihi ne, fatawa ta malaman fiƙihu ce. Ka bayyana wa Alhaji yadda kowane wuri yake tun kafin ku isa ƙofa, ya zaɓa da kansa. In ya bar takobin da Besease bai yi asarar abin da ya kawo shi ba.

Lahadi ta danganta da kalanda

Kowane kwana 42, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae a Manhyia. In da hali, ka nemi ranar tukuna sannan ka tsayar da tafiyar a kanta; duk ɗan Asante da ka tambaya zai gaya maka ta gaba. Hidimar kakanni da suke yi da sassafe a ɗakin kujeru ake yinta, ba a shiga da baƙi. Abin da jama'a ke gani zaman fada ne: Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan sarauta tun 1999, ya fito cikin saƙin gargajiya na kente da zinare, manyan laimomi suna juyawa, tambura suna tashi, masu magana da yawunsa riƙe da sanduna masu kan zinare, sarakuna suna zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zame takalmi ya sauke mayafi daga kafaɗa. Sarakunan Zongo ma sukan je da rawunansu. Mutumin da ya saba ganin hawan Sallah a Kano zai zauna yana auna wannan da wancan, kuma zai ji daɗin hakan. Ku je da wuri don samun kujera a inuwa, ku riƙe ruwa, zaman yana da tsawo. In za ku gaisa da mutanen da ke zaune a jere, daga dama ake farawa, kuma hannun hagu ba ya miƙa komai.

In ba ta faɗo a makonku ba, ku ɗauki tasi na yini ku fita ƙauyukan sana'a, amma ku sani ranar Lahadi da safe yawancin masu aikin suna coci, don haka ya fi kyau a musanya, a kai ƙauyukan Asabar da yamma ko a jira bayan azahar. A Bonwire ake saƙar kente: masaƙi zaune, zare ɗaure a yatsun ƙafa, ƙoshiya tana kai da komo, yana fitar da siririn ƙyalle mai faɗin tafin hannu, daga baya a haɗa su a ɗinke. In za ku saya, ka juya bayan ƙyallen. Saƙaƙƙe ciki da waje duk zane ne kuma yana da nauyi, bugun inji kuwa bayansa fari-fari ne. A Ntonso, kan hanyar Mampong, ana dafa ɓawon itace har ya yi baƙi ya yi kauri, a tsoma hatimin da aka sassaƙa da ƙwarya a buga a kan zane, shi ne adinkra. Wanda ya san marinar Kofar Mata zai tsaya nan ya yi ta tambaya. Ahwiaa ta masu sassaƙar kujeru tana kan hanyar, tsayawar minti goma ta isa.

Tafkin Bosomtwe yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabas, a cikin wani ƙaton rami da dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, masunta suna kamun kifi a kan falankin katako. Wuri ne mai kyau, sai dai hanyar gangara ce mai lanƙwasa, kuma ranakun hutu kiɗa da hayaniyar matasa sun yi yawa. A kwana uku da dattijo, ni zan bar shi.

Abinci, masauki da gwiwa

Ku ci a Zongo: koko da ƙosai da safe, waakye (shinkafa da wake) ko tuwon zafi da rana, fura ko tsire da dare. In Alhaji yana son ɗanɗana fufu, a kai shi wurin musulma ko a daka masa a gida, domin a gidajen abincin cikin gari ana haɗa naman daji da wanda ba yankanmu ba a tukunya. Masauki kuwa ka nemi ɗakin ƙasa, ko otal mai lif, kusa da Manhyia ko Asawase, yadda duk inda na ambata a cikin gari ba zai yi nisa ba. Garin tudu da gangare ne, kada ka yaudaru da cewa wuri kusa ne a taswira. Trotro (ƙaramar bas ta haya) da pragya (keke mai ƙafa uku) ba na gwiwarsa ba ne. Ka yi ciniki da direban tasi ɗaya ya zauna da ku yini guda.

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, ruwa kan sauko da yamma ba sallama, shi ya sa na tura duk abin da ke buƙatar tafiya zuwa safiya. Kuɗin shiga gidajen tarihi yana canzawa, kuma na ɗan ƙasa daban da na baƙo, saboda haka ka riƙe katinka na Ghana, shi kuma fasfonsa, da 'yan canjin sidi a hannu ko da kana da MoMo, wato kuɗin cikin waya. Ka sa a tambayar muku ranakun buɗewa kafin ku fita, musamman barikin soja.

In zai sayi goron tsaraba, ya zaɓa ranar Juma'a amma a bar shi wurin mai rumfa, a ɗaure masa da sabon ganye ranar da za ku tashi. Ka gaya musu har Kano za a kai shi, sun san ɗaurin da ke jure wannan tafiya.